Ina Za a Sa Tankin?

Wata Asabar da la'asar muka zauna a bakin tafkin Jabi, ni da ɗan ƙanwata da ya zo hutu daga Kudu, inda yake shekara ta huɗu a karatun injiniyancin jiragen ruwa. Ƙananan jiragen 'yan shaƙatawa na ta kai-komo, injinansu na tari suna barin shuɗin hayaƙi a kan ruwa. Ni mutanen ciki nake kallo. Shi kuwa idonsa na kan layin da ruwa ya tsaya a jikin kowane jirgi.

"Kawu, dubi wancan mai farin fenti," in ji shi. "Bayansa ya zauna, hancinsa ya ɗaga sama. Inji na baya, jarkar mai na baya, matuƙi na baya. Da za a dawo da jarkar tsakiya, a matsar da mutum biyu gaba, da ya rage haƙar ruwa, ya rage shan mai."

Na ce masa ashe har ido ake horarwa a makarantar tasu. Sai ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini aikin da malaminsu ya ba su kafin hutu. An raba su rukuni-rukuni, an ba kowane rukuni taswirar jirgin dakon kaya mai shan baƙin mai, aka ce su mayar da shi mai shan metanol. Sharaɗi biyu aka gindaya: kada a ƙara wa jirgin tsawo, kuma kada ya rasa nisan da yake iya ci kafin ya sake shan mai. Mako uku suka kwashe a kan tambaya guda, wato ina za a sa tankin. Da farko na ɗauka ƙaramar tambaya ce. Kafin a kira magariba na gane cewa sana'ar gaba ɗayanta na rataye a jikinta.

Mai zayyana jirgi yana aiki ne a ƙarƙashin wata doka da ba ta jin roƙo: duk abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Masassaƙin kwale-kwale a Yawuri ya san wannan da hannunsa tun kafin ya ji sunan Arkimidis, wanda ya gano dokar. Ya san itacen da zai ɗauki buhu ashirin, ya san inda zai bar kauri da inda zai ci gaba da rarakewa. Bambancinsa da ɗalibin jami'a shi ne ɗalibin dole ya san amsar da alƙalami tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba, domin jirgin teku ba a gwada shi sannan a ce a sake. Kuma a cikin lissafin, komai na jan wani. Ka ƙara girman tanki, nauyi ya ƙaru. Nauyi ya ƙaru, jirgi ya ƙara nutsewa, ruwa ya ƙara riƙe shi. Ruwa ya riƙe shi, sai an sa inji mafi ƙarfi, shi kuma ya nemi ƙarin mai, man ya nemi ƙarin tanki. Malamansu kan zana aikin kamar bayan katantanwa: ana zagayawa ana dawowa kan tambayoyin nan dai, nauyi, daidaito, ƙarfi, gudu, kuɗi, kowane zagaye na ƙara matsewa har a iso wurin da duka suka yarda da juna. Wannan haƙurin zagaye shi ne abin da ya fara burge ni. Mai gaggawa ba ya iya wannan sana'a.

Shekaru da dama, mai shi ne ɓangaren da ba ya ba masu zayyana ciwon kai. Baƙin man jirgi ragowar tukunyar matata ne, mai kauri har sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Yana da arha, yana da ƙarfi a ɗan wuri, kuma ba ya saurin kama wuta, domin dokar teku ta hana amfani da man da tururinsa ke kamawa ƙasa da digiri 60, sai da tsari na musamman. Ga shi ba ya zaɓen mazauni. Duk lungun da kaya ba sa so, nan ake zuba shi. Saboda haka mai zayyana kan fara da rumbun kaya, ya tsara ɗakin inji da ɗakunan ma'aikata, sannan a ƙarshe ya nema wa mai gurbi a abin da ya rage.

Wannan sauƙin ne ke ƙarewa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, daga shinkafa har babur ɗin da ke Kasuwar Wuse, kuma jiragen da ke ɗauko su na fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, mai mazauni a Landan, ta fara da farar wuta: daga 1 ga Janairun 2020 ta rage adadin da aka yarda ya kasance cikin man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5. A Yulin 2023 kuma ƙasashe suka amince cewa zuwa wajen 2050 hayaƙin jirage ya daina ƙara wa duniya zafi, tare da zangon tsakiya: ragin aƙalla kashi 20 a 2030 da aƙalla kashi 70 a 2040, idan aka gwada da 2008. Tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. A Oktoban 2025 an ɗage zartar da tsarin da zai sa wa hayaƙin farashi har shekara guda, bayan matsin lambar Amurka da wasu ƙasashe. Amma jirgin teku kan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Wanda ɗan ƙanwata zai taimaka a zana bayan ya gama hidimar ƙasa zai riski 2050 yana kan ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa makarantu suka fara canza abin da suke koyarwa tun 'yan siyasa ba su gama jayayya ba.

Ɗauki iskar gas, wadda mu 'yan Najeriya muka fi sani, tunda tun Oktoban 1999 kamfanin NLNG ke loda ta a Bonny, kuma jiragen da ke dakonta sun daɗe suna ƙona ɗan abin da ke tashi daga kayan a matsayin mai. Kafin gas ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, a nan take ƙanƙancewa kusan ninki 600. Irin wannan sanyi yana mayar da ƙarfen jirgi na yau da kullum kamar tangaran, ɗigo kaɗan ya isa ya tsaga shi. Don haka tankinta fulas ne ƙato, na ƙarfe na musamman, mai rufi mai kauri, kuma sau da yawa mai siffar tulu kwance. Tulu ba ya shiga lungu. Ga shi gas ɗin na neman wuri kusan ninki biyu na wanda baƙin mai zai ci don a sami ƙarfi iri ɗaya, kafin ma a lissafa rufin. Ɗalibi na da zaɓi biyu masu ɗaci. Ya sa tankin a ciki, ya ci wurin kaya, mai jirgi ya rasa kuɗi a kowace tafiya har tsawon rayuwar jirgin. Ko ya ɗora shi a sama, nauyi ya hau, jirgi ya rage saurin miƙewa idan igiyar ruwa ta kwantar da shi.

A nan ya ba ni misalin da na fi so a duk hirar. Ya ce in tuna yadda mata a ƙauyenmu kan kifa ƙoƙo ko su jefa ganye a saman ruwan bokiti kafin su ɗora a ka. Bokiti cike taf ba ya wahalar da wuya kamar wanda ke rabi, domin na rabi ruwansa na gudu zuwa duk gefen da aka karkata, ya ƙara karkatar da mai ɗauka. Haka tanki yake a cikin jirgi. Idan mai ya yi rabi, yakan kwarara zuwa gefen da jirgi ya kwanta, ya rage masa ƙarfin tashi, kuma yana dukan bangon tankin da ƙarfi. Ɗalibi sai ya lissafa daidaiton jirgin a ranar da ya bar tasha tanki cike, da tsakiyar tafiya, da ranar isa tanki ya kusa ƙafewa. Maganin da suke koyo, wato raba tanki da katanga ko rage faɗinsa, ƙoƙon nan ne na kan bokiti aka rubuta da lissafi.

Metanol, wanda aka ba su aiki a kansa, ya fi gas sauƙin hali ta fuska ɗaya: ruwa ne a zafin ɗaki, zai zauna a tanki mai kowace siffa. Jirgin kwantena na farko da ke iya tafiya da shi, Laura Maersk, an raɗa masa suna a Danmak a Satumban 2023. Sai dai metanol na neman wuri kusan ninki biyu da rabi, guba ne idan ya shiga jiki, tururinsa na kamawa a wajen digiri 12, kuma harshen wutarsa da rana kusan ba a ganinsa. Mutum na iya tunkarar gobara bai sani ba. Saboda haka a taswirar da na gani, an kewaye tankin da fili wanda ba a zuba komai a ciki, an yi bututun man bututu cikin bututu, an cika saman tankin da naitirojin don kada iska ta samu wurin haɗuwa da tururi, an sa na'urorin da ke jin zafi maimakon dogaro da ido. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya ci wuri. Rukuninsu daga ƙarshe sun sadaukar da wani yanki na rumbun kaya na baya, sannan suka koma farkon katantanwar suka sake lissafin komai, tunda nauyin ya matsa.

Amoniya ce ta fi ba ni tsoro, kuma ita ce ta fi nuna darajar wannan horo. Manomi ya san danginta, don daga ita ake yin takin yuriya, kuma ana sarrafa ta a ƙasar nan a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da ke Lekki. Babu kabon a cikinta, saboda haka ƙona ta ba ya fitar da iskar kabon. Tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifili, sanyin da bai kai na gas wahala ba. Amma kaɗan daga cikinta a iska na ƙona ido da huhu, mai yawa kuwa na kisa. Tana da nawar kamawa, sai an ɗan tsokane ta da wani man. Idan ƙonawar ba ta yi kyau ba takan fitar da wata iskar da ta fi kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba. Ɗalibin da aka ba jirgin amoniya ba ya tsayawa a kan inji. Dole ya tambayi kansa: idan bututu ya fashe da tsakar dare, iska ta ina za ta kaɗa tururin? Ina tagar ɗakin kwanan ma'aikata take? Ina kuku yake tsaye? Taku nawa ne daga ɗakin inji zuwa mafaka? Ana zaunar da su su jero duk hanyar da abu zai iya lalacewa, ɗaya bayan ɗaya, su nemo wa kowace magani a kan takarda. A ganina wannan darasin ya fi duk sauran daraja, domin yana koya wa matashi ya riƙa ganin fuskar mutumin da zai kwana cikin abin da ya zana. Haidirojin kuwa, mai neman sanyin digiri 253 ƙasa da sifili da wuri fiye da ninki huɗu, har yanzu ya fi dacewa da gajeriyar tafiya, irin ta jirgin fiton Hydra da ya fara tafiya da shi a Norwe a 2023.

Akwai kuma wata gaskiya da malami nagari ba ya ɓoye wa ɗalibansa. Mai ba ya zama mai tsabta don sunansa. Yawancin metanol da amoniyar da ake yi yau daga gas ko gawayin ƙasa ake yin su, hayaƙin ya riga ya tashi a masana'anta kafin man ya iso jirgi. Ita ma gas, idan wani ɓangarenta ya kuɓuce daga inji bai ƙone ba, metan ce, wadda a cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon. Shi ya sa yanzu ake koya musu lissafi daga bakin rijiya har zuwa farfela. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Injiniyan da ya iya wannan lissafi, ɗan talla ba zai ruɗe shi da koren fenti ba.

Tunda duk sabon mai ya fi tsada kuma ya fi cin wuri, tsohuwar fasahar gyara jikin jirgi ta dawo da martabarta. Tun farkon shekarun 1870 William Froude ya gina doguwar kwatamniyar gwaji a Torquay ta Ingila, yana jan ƙananan samfuran jirage yana auna yadda ruwa ke riƙe su, kuma har yau ana yin haka, sai dai kwamfuta ta ɗauke rabin aikin. Abin da aka gano na da ban mamaki: rage gudu da kashi 10 na rage ƙarfin da ake nema daga inji da kusan kashi 27, kuma ko an cire ƙarin lokacin tafiya, ribar man ta kusa kashi 20. Iska ma ta dawo. A Agustan 2023 jirgin Pyxis Ocean ya kama hanya da fukafukai biyu masu tsayin mita 37.5 a tsaye a kan bayansa, suna taya inji. Fiffike na tura jirgi gaba amma yana kuma kwantar da shi gefe, ga shi yana tare wa matuƙi gani. Ɗalibi ya sake komawa katantanwa.

Mai karatu a Abuja ko Kano na iya cewa wannan duk zancen mutanen bakin teku ne. Ban yarda ba, kuma dalilina na farko baturi ne. Baturi ba zai ƙetare teku da kwantena ba, nauyinsa ya yi yawa. Amma a gajeren fito babu kamarsa. A 2015 Norwe ta sa jirgin Ampere a kan mashigin Sogne, tsakanin Lavik da Oppedal, tafiyar kusan kilomita 6, yana ɗaukar mota 120 da lantarki zalla. Abin da ya kamata ɗan Najeriya ya lura da shi shi ne wutar ƙauyukan biyu ba ta da ƙarfin cika jirgin a 'yan mintocin da yake tsayawa. Masu zayyana ba su jira a gyara layin wuta ba. Sun ajiye wasu baturan a kowace gaɓa, suna shan wuta a hankali, jirgi na isowa su juye masa. Sun kuma yi jikinsa da alminiyam don ya rage nauyi. Wato sun zana jirgi da tasha da jadawalin tafiya a matsayin abu guda. A Kerala ta Indiya kuma, tun Janairun 2017 jirgin Aditya ke fito da mutum 75 da farantan sola a rufinsa, a ƙasa mai rana irin tamu.

Mu kuwa ruwanmu na cin mutane. A Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a Ngaski ta jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 'yan biki suka halaka a yankin Patigi. Allah ya jiƙansu. Lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, rashin rigar ruwa da tsufan katako su ake yawan ambata, kuma gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin lodin akwai lissafin ɗan fito: tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowace ƙetarawa ta ƙara tsada, kuma hanya mafi sauƙi ta mayar da kuɗin mai ita ce ƙara kai. Jirgin da aka auna daidaitonsa, aka shata masa layin lodi a jiki, aka shimfiɗa baturansa a ƙasa inda nauyinsu zai ƙara masa zama, wanda kuma rana ke biya masa kuɗin mai, ya rage wa matuƙi dalilin yin ganganci. Zana shi ba wasa ba ne. Kogin Kwara da rani yakan janye ya bar tudun yashi, tafkin Kainji na da kututture a ƙarƙashi, zafin Afrilu ba ya yi wa baturin litiyam daɗi, kuma duk abin da makanikin garin ba zai iya gyarawa ba zai mutu a gaɓa. Wanda zai warware wannan sai ya san lissafin Froude kuma ya san kogin.

Dalili na biyu shi ne, ko da yake Abuja ba ta da teku, alƙaluman da ke yanke hukunci a kan wannan karatu a nan suke. Makarantun suna can: kwalejin horar da ma'aikatan ruwa ta Oron tun ƙarshen shekarun 1970, jami'ar harkokin teku ta Okerenkoko da ta fara karatu a 2018, Jami'ar Jihar Ribas a Fatakwal. Amma ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, wadda aka ƙirƙiro a Agustan 2023, a Abuja take. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, a Maitama take, kuma sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta tsara kashi 70 na darussa ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga ya dace. Wannan kashi 30 ƙofa ce a buɗe ga darasin sabon mai, da baturi, da jirgin kogi. TETFund mai gina ɗakunan gwaji tana nan, PTDF mai tura ɗalibai karatu waje tana nan, COREN mai tantance injiniyoyi tana nan. Hukumar NIMASA tun 2008 take tura matasa koyon aikin jirgi a ƙasashen waje, kuma tun 2017 dokar duniya ta wajabta horo na musamman ga masu aiki a jiragen da ke shan gas da makamantansa. Abin da nake fata shi ne a kula da masu zana jirgi kamar yadda ake kula da masu tuƙa shi, kuma a nemo yaran Yawuri da Malale da Lokoja da Baga a sa su a ciki. Baro, wadda layin dogonta ya isa Kano a 1911, an sake buɗe mata tashar ruwa a Janairun 2019. Kaya ba za su bi ta nan ba sai da jiragen da aka zana don zurfin ruwan wurin.

Da duhu ya fara, jiragen tafkin suka taru a gaɓa ana ɗaure su. Ɗan ƙanwata ya buɗe wani shafi daban, wanda ba malami ne ya ba shi ba. Jirgin fito ne mai jiki biyu a haɗe, faffaɗa, mai rufin sola, kujerun mutum 40, da wurin babura huɗu a tsakiya. Ya yi wa baturan akwati a ƙasan kowane jiki, ya ware musu hanyar iska da bangon da zai tsare wuta. Wurare uku ya bari babu lamba.

"Waɗannan ba sa cikin littafi, Kawu," ya ce. "Zurfin ruwa a mashigin a watan Maris. Nauyin kayan da mace ɗaya ke dawowa da shi ranar kasuwa. Da kuma minti nawa jirgi ke tsayawa a gaɓa kafin ya cika, don da shi zan san girman baturin."

Na ce ina da aboki tun na makaranta, mutumin Yawuri, wanda wansa ya yi shekaru yana fito. Ya ce in kira shi yanzu, kafin mu tashi. Na laluba wayata na fara neman lambar, shi kuma ya gyara zama ya buɗe sabon shafi yana jira.